Munduwar Ƙarfi: Ko Tana Kwantar da Hankali, Ta Gyara Hannun Mai Wasan Ƙwallon Lambu?

Zancen kimiyya na yau a kan wasu kayan ado ne waɗanda suka yi kasuwa a Amurka da Ingila da Japan tun wajen shekara 30 da suka wuce, watau mundaye da sarƙoƙin wuya da a ke cewa akwai wani ƙarfi na ɓoye a cikinsu. Wanda ya ke zaune a London ko New York, ko wanda ya saba bi ta kantunan filayen jirgin sama, lalle ya taɓa ganinsu a jere cikin akwatin gilashi. Wasu na jan ƙarfe ne, wasu an dasa musu mayen ƙarfe, wasu kuwa roba ce kawai da ɗan hoto mai ƙyalli a jiki. Masu sayarwa suna cewa wanda ya ɗaura su fargaba za ta rabu da shi, zuciyarsa ta kwanta, ƙafarsa ta kafu. Ba su kuwa sami masu saye a ko'ina ba kamar yadda suka samu a wurin masu wasan ƙwallon lambu, wanda Turawa ke kira golf.

Sai an san yadda wasan ya ke kafin a gane dalilin haka. Ana yinsa ne a wani makeken fili mai ciyawa, inda aka haƙa ramuka 18. Mai wasa yana bugun 'yar ƙwallo da sanda mai kan ƙarfe, daga nesa, har ya jefa ta cikin rami, sa'an nan ya wuce rami na gaba. Wanda bugunsa ya fi ƙaranci shi ne ya ci. Faɗin bakin ramin inci 4 ne da kwata, bai kai tafin hannun babban mutum ba. Bugun farko na ƙarfi ne, ƙwallo takan tafi yadi 300 a hannun gwani. Amma inda a ke cin wasa ko a faɗi shi ne bugun ƙarshe, sa'ad da ƙwallo ta ke ƙafa 5 ko 6 daga rami, jama'a sun yi tsit, ba abokin karawa da zai ture mutum, ba gudu, ba abin da ya rage sai shi da tunaninsa. Mai ƙwallon ƙafa ba shi da lokacin jin tsoro, ƙwallo na zuwa sai ya buga. Mai ƙwallon lambu kuwa yana da sa'a huɗu cur na tafiya da tsayuwa da zullumi.

Abin da zullumi ke yi wa jiki sananne ne ga likitoci. Akwai wasu ƙananan halittu biyu a saman ƙoda waɗanda su ke zuba wani ruwa cikin jini, sunansa adiranalin, duk sa'ad da mutum ya tsorata. Da zarar ya shiga jini zuciya sai ta ƙara bugawa, numfashi ya gajarta, tafin hannu ya yi gumi, yatsu su kama rawa. Wannan shiri ne mai amfani ga wanda zai gudu daga kura, amma ga wanda zai tura ƙwallo a hankali zuwa rami masifa ce. Akwai manyan 'yan wasa da hannunsu ya riƙa fizgewa a daidai lokacin bugun ƙarshe, har abin ya kusa raba su da sana'arsu. Bajamushen nan Bernhard Langer, wanda ya ci babbar gasar Masters a 1985 da 1993, ya sha fama da wannan larura, ya yi ta sāke yadda ya ke riƙe sanda domin ya tsira daga gare ta. To, mutumin da ke cikin wannan hali, in aka miƙa masa munduwa aka ce ga magani, da wuya ya tsaya tambaya.

Bahaushe bai rasa sanin irin wannan ba, domin ya ga ɗan dambe da ɗan kokawa suna ɗaura kambu kafin su shiga fage. Sai dai akwai bambanci guda wanda ya sa zancen ya shigo wannan fili. Mai ba da kambu bai ce a ɗakin gwajin masana ya samo shi ba. Masu mundayen nan kuwa da sunan kimiyya su ke ciniki. Suna ambaton lantarki da maganaɗisu da girgizar da ido ba ya gani, suna cewa jikin mutum yana da wani ƙarfi da ke kewaye da shi, wayar hannu da kwamfuta suna dagula shi, munduwarsu kuma ta daidaita shi. Tun da ya ke sun ari bakin masana, ya zama hakkin masana su auna maganar da ma'auninsu.

Awo na farko shi ne a buɗe abin a duba cikinsa. Akwai wani abin wuya mai suna Q-Link wanda wani kamfanin Amurka ya ke yi, ya yi suna ƙwarai a wurin masu ƙwallon lambu, an riƙa sayar da shi a Ingila kusan fam 70 a 2007. Ya bazu ta hanyar talla da hotunan 'yan wasa. A 2007 wani likita ɗan Ingila, Ben Goldacre, wanda a lokacin ya ke rubuta sharhin kimiyya a jaridar Guardian, ya sami guda ya fasa shi tare da waɗanda suka san aikin lantarki. Suka tarar da wayar jan ƙarfe a nannaɗe, ba a haɗa ta da komai ba. Suka tarar da wani ɗan ƙanƙanen abu wanda duk mai gyaran rediyo ya san shi, aikinsa daidai da na guntun waya ne, shi ma ba a haɗa shi da komai ba. Ba batir, ba hanyar da wuta za ta bi ta kewayo.

Masu mayen ƙarfe kuwa hujjarsu ta fi daɗin ji. Suna cewa akwai ƙarfe a cikin jini, mayen ƙarfe kuma yana jan ƙarfe, saboda haka zai jawo jini zuwa inda ciwo ya ke. Gaskiya ne akwai ƙarfe a jini, amma dukan abin da ke jikin babban mutum bai wuce giram 4 ba, kuma ba ya nan a dunƙule kamar ƙusa. Ya rarrabu ɗai-ɗai cikin jajayen ƙwayoyin jini, a wani hali da mayen ƙarfe ba ya jansa yadda ya ke jan allura. Shaidar wannan tana manyan asibitoci. Na'urar hoton ciki da a ke kira MRI tana da maganaɗisun da ya isa ya fizgo kujerar ƙarfe daga ƙofar ɗaki, amma kullum ana shigar da mutane cikinta, jininsu kuwa ba ya taruwa a gefe guda. In wannan ƙaton bai motsa jini ba, ina ga ɗan ƙwayar da ke jikin munduwa, wanda ƙarfinsa ya kan ragu sosai kafin ya ratsa fata?

Duk da haka mutane da yawa sun rantse sun ga aikin abin da idonsu, tun a kanti. Ga yadda gwajin kanti ya ke. Mai sayarwa zai ce wa mai saye ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya buɗe hannuwansa. Sai ya danna masa hannu ɗaya, mutum ya tangaɗe. Sa'an nan ya ɗaura masa munduwa ya sāke dannawa, sai ga mutum ya tsaya kyam kamar an kafa shi. Sirrin abin yana wajen inda aka nufa da dannawar. A karon farko ana danna hannun ne ƙasa, ana ɗan jansa waje, nesa da jiki. A karo na biyu ana danna shi ne zuwa ciki, wajen ƙafar da ke tsaye, sai nauyin ya ƙara kafa mutum. Har ma in mai sayarwa ba shi da niyyar zamba, akwai abu na biyu: wanda aka taɓa turewa sau ɗaya ya riga ya san abin da ke zuwa, jikinsa ya shirya.

Wannan abu na biyu ne masana suka kama a Jami'ar Wisconsin da ke garin La Crosse. A lokacin wata munduwar roba mai suna Power Balance ta cika duniya. Wasu 'yan'uwa biyu ne suka kafa kamfaninta a California a 2007, suna cewa ɗan hoton mai ƙyalli da ke jikinta, irin wanda a ke gani a katin banki, yana ƙara ƙarfi da tsayuwa da laushin jiki. Kuɗinta a lokacin kamar dala 30. Wani malami, John Porcari, ya tara 'yan wasa 42 na jami'ar, ya sa kowa ya yi gwajin tsalle da juya jiki da tsayuwa sau biyu, sau ɗaya da munduwar kamfani, sau ɗaya da wata roba ta 'yan kwabbai. Aka rufe mundayen yadda ɗan wasa bai san wadda ke hannunsa ba, mai awo ma bai sani ba. Da aka buga sakamakon a 2011 sai aka ga babu bambanci tsakanin mundayen biyu. Abin da ya fito fili shi ne 'yan wasan sun fi yin kyau a karo na biyu, ko wace munduwa ce a hannunsu. A kanti kuwa, kullum a karo na biyu a ke ɗaura munduwa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Disamba na 2010 hukumar kare masu saye ta ƙasar Ostireliya ta tilasta wa kamfanin ya fito ya faɗa wa jama'a cewa ba shi da wata ingantacciyar hujjar kimiyya a kan abin da ya ke faɗa, ya kuma mayar da kuɗi ga wanda ya nema. A Nuwamba 2011 kamfanin ya kai kansa kotu a Amurka ya ce ya karye. Wasu suka sayi sunan, aka ci gaba da sayar da munduwar da lafazi mai taka-tsantsan.

Wannan dabara ta gwada na gaske da na jabu ba tare da mutum ya sani ba tsohuwa ce, kuma a kan irin waɗannan kaya aka fara ta. A 1796 wani likitan Amurka, Elisha Perkins, ya sami takardar mallaka ta wasu 'yan sandunan ƙarfe guda biyu, tsawon kowace inci 3, ya ce in an shafa su a jiki suna zuƙe mugun lantarkin da ke kawo ciwo. Ɗansa ya kai su London, inda aka riƙa sayar da su fam 5 da sule 5, kuɗi mai yawa a wancan zamani. Sai wani likita a garin Bath, John Haygarth, ya sa aka sassaƙa irinsu da itace, aka shafa musu fenti suka yi kama da ƙarfe. A watan Janairu 1799 aka shafa wa masu ciwon gaɓoɓi 5 sandunan itacen, 4 daga cikinsu suka ce sun sami sauƙi. Kashegari aka shafa musu na ƙarfen, sauƙin bai ƙaru ba. Haygarth bai ce marasa lafiyan ƙarya su ke yi ba. Ya ce sauƙin na gaske ne, amma daga zatonsu ya fito, ya kuma rubuta littafi a kan haka a 1800.

Bayan shekara 200 aka maimaita wannan gwaji da mutane masu yawa. Likitocin asibitin Mayo a jihar Florida suka ɗauki mutum 610 masu ciwon gaɓoɓi da tsoka, rabi aka ba su wata munduwa mai suna Q-Ray, rabi aka ba su jabunta, suka ɗaura kwana 28. Sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna da yawa daga ɓangarorin biyu sun ce ciwo ya ragu, kuma ba ɓangaren da ya fi wani. Hukumar ciniki ta gwamnatin Amurka ta kai kamfanin ƙara a 2003. A 2006 kotu ta same shi da laifin tallar ƙarya, ta ce ya mayar wa masu saye kuɗin da zai iya kaiwa dala miliyan 87. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, amma a 2008 babbar kotu ta tabbatar da laifin, ta ce samun sauƙi ta hanyar zato ba ya halatta wa ɗan kasuwa ya yi ƙarya a kan abin da ke cikin kayansa. A Jami'ar York ta Ingila ma an gwada mundayen jan ƙarfe da na mayen ƙarfe a kan masu amosanin gaɓoɓi 70 har wata 5, a 2013 aka ba da labari cewa ba su rage ciwo ko kumburi ba.

To, in haka ne, me ya sa ɗan wasa zai ce tun da ya ɗaura munduwa wasansa ya gyaru? Sau da yawa gaskiya ya faɗa, sai dai ya ɗora alherin a kan wanda bai yi ba. Ƙwallon lambu wasa ne mai hawa da sauka. Gwani zai yi bugu 66 yau, gobe ya yi 75, a fili ɗaya, da sanduna ɗaya. Ba kuwa a lokacin da hannu ke daɗi mutum ya ke neman magani ba, sai sa'ad da wasa ya lalace makonni a jere. Daga can ƙasa kuwa, abin da aka fi tsammani shi ne wasan ya komo daidai gwargwadon gwanintar mai shi, ko ya ɗaura abu ko bai ɗaura ba. Wanda ya ɗaura ya ci, hotonsa zai fito a talla. Ɗaruruwan da suka ɗaura suka faɗi ba mai buga hotonsu. A tuna kuma da yawa daga mashahuran da a ke gani da waɗannan kaya biyansu a ke yi, ko kuwa kyauta aka ba su.

Saura zato shi kansa, domin ba abin rainawa ba ne a wasan da rawar yatsa ke yanke hukunci. A 2011 masana a Jami'ar Virginia suka ba ɗalibai 41 masu ɗan sanin wasan sanda iri ɗaya, su yi bugu 10 daga ƙafa 7. Rabi aka gaya musu cewa sandar ta Ben Curtis ce, wanda ya ci babbar gasar Ingila a 2003, alhali kuwa ba tasa ba ce. Waɗanda aka gaya wa haka suka jefa fiye da 5 cikin 10, sauran kuwa ba su kai 4 ba. Abin mamaki, da aka ce su zana girman ramin, sai suka zana shi ya fi na sauran faɗi. Shekara ɗaya kafin wannan, a birnin Cologne na Jamus, an miƙa wa wasu ɗalibai ƙwallo aka ce musu mai sa'a ce, su ma suka fi 'yan'uwansu jefawa. Amma a nan sai a yi hattara. Mutum 28 kaɗai aka yi gwajin Jamus da su, kuma da wasu masana a Amurka suka maimaita shi a 2014 da mutane masu yawa, ba su sami wani bambanci ba. Watau zato yakan taimaka wani lokaci, amma taimakonsa ba shi da tabbas, kuma ba a san ranar da zai ƙi zuwa ba. Sanda ta aro ko ƙwallon da aka yi wa kirari suna iya yin aikin da munduwar fam 70 za ta yi.

Hukumomin wasa ma sun ba da tasu shaida ba tare da sun yi niyya ba. Akwai wani rukunin magungunan hawan jini da ciwon zuciya waɗanda su ke toshe aikin adiranalin, su rage bugun zuciya, su tsayar da rawar hannu. Da ya ke waɗannan suna aiki da gaske, hukumar duniya mai hana shan ƙwayoyi a wasanni ta sa su cikin abubuwan da aka hana a gasar ƙwallon lambu da harbi da bāka, sai wanda likita ya nema wa izni na musamman. Babbar ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta fara gwada 'yan wasanta a 2008. Mundayen ƙarfi kuwa ba wanda ya damu ya hana su, kowa na shiga fili da su a gaban alƙalai.

Abin da aka auna aka ga yana taimakon mai bugun ƙarshe ba a kanti ya ke ba. Wata malama a Jami'ar Calgary ta Kanada, Joan Vickers, ta bi motsin idon 'yan wasa da na'ura, ta ba da labari a 1992 cewa gwanaye sukan kafa ido a kan ƙwallo, ba ya yawo, kafin su buga da lokacin bugawa, alhali idon na baya yana ta tsalle tsakanin ƙwallo da sanda da rami. Masana a Jami'ar Exeter ta Ingila suka ɗauki wannan suka yi gwaji da ƙwararrun 'yan wasa 22, rabi aka koya musu su tsayar da ido daƙiƙa 2 zuwa 3. A 2011 suka ba da labari cewa waɗanda aka koya wa sun rage kusan bugu 2 a kowane zagaye na gasa. Wannan ma ƙaramin gwaji ne, amma hanyar aikinsa a bayyane ta ke: idon da ya tsaya wuri ɗaya yana hana tunani watsewa. Haka kuma jan numfashi a hankali, kamar sau 6 a minti, tare da tsawaita fitar da shi, yana rage bugun zuciya, kowa kuma zai iya auna wannan da yatsa a wuyan hannunsa.

Wani zai ce, in munduwar ba ta amfani ai ba ta cutarwa, asarar kuɗi ce kaɗai. Ga yawancinsu haka ne, amma ba duka ba. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, likitoci suna gargaɗinsa kada ya bar mayen ƙarfe ya kusanci wurin ƙasa da inci 6, sarƙar wuya kuwa a daidai nan ta ke sauka. Ƙananan mayen ƙarfe in suka ɓalle yaro ya haɗiye biyu ko fiye, sukan manne wa juna ta cikin hanji su huda shi, sai an yi aiki. Wanda damuwa ta hana shi barci watanni, ko zuciyarsa ke bugawa ba dalili, in ya dogara ga munduwa zai jinkirta zuwa wurin likita. A watan Disamba 2021 kuma hukumar kula da nukiliya ta ƙasar Holan ta gargaɗi jama'a a kan kaya iri 10, sarƙoƙin wuya da mundaye da abin rufe ido na barci, har da munduwar yara, waɗanda a ke tallarsu da sunan ƙara kuzari ko kare mutum daga wayar hannu. Da aka auna su sai aka tarar an cuɗa su da ma'adinan da ke fitar da tururin nukiliya. Yawansa kaɗan ne, amma hukumar ta ce wanda ya ɗaura su dare da rana tsawon lokaci fatarsa na iya cutuwa. Ta hana sayar da su a ƙasar, ta kuma ce wanda ya riga ya saya ya cire, ya ajiye a rufe nesa da jiki, kada ya zuba a shara.